Odar inji daga Chaina: Kafin ka tura kuɗi, tambayi dillalinka wa ke biyan sa

Idan mutum ya ƙirga injinan da ke ciyar da garuruwa irin su Unguwar Hajji da Turawa da Kwanyawa a Ƙaramar Hukumar Karaye, ko Zarewa da Fulatan da Gwangwan a Rogo, zai tarar kusan dukkansu daga nesa suka zo. Injin ban ruwa da ke bakin fadama, da injin niƙa, da na casar shinkafa, da farantin sola, da injin da ke juya na'urar matse rake a wurin masu mazarƙwaila, mafi yawansu a Chaina aka ƙera su, wasu kuma a Indiya.

Hanyar da aka saba ita ce babban ɗan kasuwa ya shigo da kwantena ta Legas, dila a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ya sara, mai shago a Karaye ko Gwarzo ya saro daga wurinsa, sannan manomi ya saya. Kowa a cikinsu yana ɗora ribarsa.

Yanzu wayar hannu ta buɗe wata ƙofar. A TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp, kullum sai ka ci karo da mai cewa yana zaune a Chaina, ko yana da mutum a can, ka turo kuɗinka ya sayo maka kai-tsaye daga kamfani a farashin da bai kai na Kano ba. Matasan da suka gama makaranta ba aiki, da ƙungiyoyin manoma, da mata masu adashi, duk sun fara amsa wannan kira.

Ni ban ga laifi ba a ɗauki wani ya nemo maka masana'anta a wata ƙasa, ya yi maka ciniki, ya duba maka kaya. Manyan kamfanonin duniya ma haka suke yi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne muna miƙa miliyoyin naira ga mutum ba tare da mun yi masa tambayoyi biyu da kakanninmu ba su taɓa mantawa da su ba: wa ke biyan ka la'ada, kuma me za ka yi asara idan kayan suka zo ba daidai ba?

Sana'ar ta girme mu

Bahaushe ya san wannan aiki tun kafin a ƙera kwantena. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa sauka a Salaga su shiga kasuwa kai-tsaye. Gidan fatoma suke sauka. Shi zai ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya yi musu tafinta, ya haɗa su da masu sayarwa, ya kuma gaya musu wanda ba a ba shi bashi. Da ɗan gari akan ci gari.

Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya nazarci yadda Hausawa ke cinikin shanu da goro, ya wallafa littafinsa a 1969. Babban abin da ya gano shi ne matsayin maigida. Mai shanu zai taho daga Arewa, dillalin maigida ya sayar wa mahauci bashi, idan mahaucin ya gudu maigida ne zai biya daga aljihunsa. La'adar da ake karɓa sananniya ce, kowa ya san adadinta. Maigidan da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Kano, baƙi su daina sauka a gidansa.

Wato dillalin da yana da abubuwa biyu da suka ɗaure shi: la'ada a fili, da lamuni a wuyansa.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buƙaci wanda ya san ƙauyuka da manoma ya tara musu gyaɗar da masana'antun Turai ke matsewa. A 1918 ya zama mai saye wa kamfanin Niger Company. A wancan lokacin Bature ne baƙon da ba ya jin harshe, Bakano ne ɗan garin da ake dogara da shi. Yau reshe ya juye, mu ne baƙi a kasuwar wasu.

A can ma sana'ar tana da tarihi. Kamfanin Li & Fung da aka kafa a birnin Guangzhou a 1906 ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya a wannan fanni, yana nemo wa manyan kantunan Amurka da Turai masana'antun da za su ɗinka musu tufafi su ƙera musu kayan gida. Abin da yake sayarwa shi ne sanin wa ya iya me, da kuma tsayawa a kan inganci.

Me ya sa dillalan waya suka yi yawa a 'yan shekarun nan? Annobar korona na daga cikin dalilan. Daga 2020 har farkon 2023 shiga Chaina ya yi wuya ƙwarai. 'Yan Kantin Kwari da suka saba zuwa Guangzhou, wanda suke kira Gwanzu, da masu zuwa kasuwar Yiwu, dole suka koma yin oda ta hannun wanda ke can. Da aka buɗe ƙofa kuma tikitin jirgi da kuɗin otal suka fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa saboda faɗuwar naira. Gurbin da ya samu ne masu gaskiya da marasa gaskiya suka cike tare.

Aikin ejan na gaskiya

Yana da kyau mai saye ya san abin da yake biya a yi masa, domin da yawa daga masu kiran kansu ejan abin da kawai suke yi shi ne su shiga shafin Alibaba ko 1688, su kwafo hoto, su ƙara kuɗi, su turo maka.

Aiki na farko shi ne rubuta siffar kaya dalla-dalla. A ce injin casar shinkafa ake so: buhu nawa zai casa a awa ɗaya, ƙarfin doki nawa ne, da dizal zai yi aiki ko da lantarki. Idan da lantarki ne, wutar masana'antu mai layi uku a Chaina bolt 380 ce, tamu kuwa takan kai 415. Koyil ɗin cikinsa jan ƙarfe ne zalla ko alminiyam aka shafa wa launi? Idan abinci zai taɓa jikin injin, wane ƙarfe aka yi amfani da shi? Ƙarfen da ba ya tsatsa ma hawa-hawa ne: mai lamba 304 ya fi mai lamba 201 juriya da tsada, amma a hoto duk ƙyalli ɗaya suke yi.

Na biyu shi ne tantance mai sayarwa. Ba duk mai cewa shi masana'anta ne yake da masana'anta ba. Da yawa kamfanonin saye da sayarwa ne masu ofis mai ɗaki biyu. Kowane kamfani mai rajista a Chaina yana da lasisin kasuwanci mai lamba 18, wanda ke nuna irin aikin da aka ba shi izinin yi, kuma ana iya duba shi a shafin rajista na gwamnatin ƙasar. Ejan na gaskiya zai turo maka hoton lasisin, ya je wurin da ƙafarsa, ya kira ka ta bidiyo daga cikin masana'antar.

Na uku shi ne samfuri da duba kaya. Al'adar da ta fi yawa ita ce a ba da kafin alƙalami kashi 30 cikin 100, sauran 70 kuma sai an gama aiki kafin lodi. Tsakanin biyan farko da na biyu nan ne ƙarfin mai saye yake. Idan ba a kunna injin an gwada shi kafin a biya cikon ba, an yi cinikin biri a sama. Akwai kamfanonin da aikinsu kawai duba kaya ne, irin su SGS da Intertek da Bureau Veritas, suna kuma ba da rahoto a rubuce da hotuna.

Na huɗu takardu. Mai shigo da kaya Najeriya yana buɗe takardar Form M ta bankinsa kafin a yi lodi. Kayan da ke ƙarƙashin kulawar hukumar SON suna buƙatar shaidar SONCAP tun daga ƙasar da aka ƙera su. Hukumar Kwastam kuma tana fitar da takardar PAAR da ake lissafa haraji a kanta. Kowane irin kaya yana da lambarsa a jadawalin kwastam, kuma kuskure a lambar na iya sa a biya harajin da bai kamata ba, ko kaya su kwana a tasha ana lissafa tarar kowace rana.

Wanda ya yi maka waɗannan ayyuka ya cancanci ladansa. La'adar da aka saba ji a wannan harka takan kama daga kashi 3 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin kaya, gwargwadon girman oda. Wannan kuɗin gumi ne, babu abin ɓoyewa a cikinsa.

Inda kuɗin ke ɓuya

Matsalar tana farawa ne idan ejan ya ce maka shi kashi 2 kawai yake karɓa, ko ma ya ce don Allah yake yi. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ke biyan haya a Guangzhou ba zai yi maka aiki kyauta ba. Idan ba daga hannunka yake ci ba, daga wani wurin yake ci, kuma a ƙarshe kai ne mai biya.

Hanya ta farko ita ce ƙari a kan farashi. Ta biyu, kamasho daga masana'anta: ya kai musu kwastoma, su ba shi nasa ta bayan fage. Ta uku, canjin kuɗi: kai naira ka tura, shi ya yanke maka farashin yuwan. Ta huɗu, kuɗin jirgi, wanda ake auna wa ƙananan kaya da girman wurin da suka ci a kwantena, kuma kai ba ka ga lokacin da aka yi awon ba. Akwai ta biyar da mutane kaɗan suka sani. Chaina tana ɗora harajin kashi 13 cikin 100 a kan yawancin kayan masana'antu, amma tana mayar da wani ɓangare ko dukkansa ga kamfanin da ya fitar da kayan waje da cikakkun takardu. Wanda ya san da wannan yana iya neman ragi a kansa. Wanda bai sani ba, wani ne zai ci.

Ga misali don lissafi kawai. A ce masana'anta ta sa wa inji yuwan 10,000. Ejan ya ce maka 11,500 ne, ya ɗora la'adarsa ta kashi 5, wato 575. Jimilla 12,075. Sannan ya ƙara naira 10 a kan kowane yuwan wajen canji, wato sama da naira 120,000. Kai a ranka 575 ka biya shi, alhali ya karɓi 2,075 ban da ribar canji. Ya ci fiye da kashi 20 yana kiran sa kashi 5.

Kuɗin ba shi ne mafi muni ba. Ejan da ke karɓar kamasho daga masana'anta ba zai iya tsayawa ya ce musu wannan walda ba ta yi ba, a sake. Bakinsa ya riga ya cika. Ranar da aka samu saɓani, zai zama lauyansu a gabanka, yana ba ka haƙuri, yana cewa haka kayan Chaina suke. Ba haka suke ba. Ƙasar da ke ƙera jiragen ƙasa masu gudun kilomita 350 a awa ba injin niƙa ne zai gagare ta ba. Masana'anta tana yin kaya daidai kuɗin da ya iso hannunta, kuma daidai idon da ke kanta.

Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wakili amintacce ne, ragin da ya samo na wanda ya aike shi ne. Sun kuma yi bayanin cinikin da ake ba mai sana'a odar abin da bai ƙera ba tukuna, suka shardanta a fayyace siffarsa yadda ba za a yi jayayya ba. Mutum yana da damar ya saya ya sayar da riba, wannan ɗan kasuwa ne. Yana da damar ya zama ɗan aike ya karɓi la'ada. Abin da ba shi da dama shi ne ya sa rigar ɗan aike yana cin ribar ɗan kasuwa a ɓoye.

Me ya sa ta fi cin mutumin ƙauye

Babban ɗan kasuwa a Kwari idan kwantena ɗaya ta zo da matsala, ta gaba za ta cike masa. Mutumin Unguwar Hajji da ya sayar da shanu biyu da buhunan masara ya haɗa kuɗin inji ba shi da ta gaba.

Sannan aikinsa da lokaci yake tafiya. Yankin Karaye yana da madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 da kuma ta Kusalla, noman rani kuma ba ya jiran kowa. Injin ban ruwan da ya iso a watan Afrilu ya makara. Injin casa da ya iso bayan kaka ta wuce, an rasa cinikin shekara. Tafiyar jirgin ruwa kawai daga Chaina zuwa Legas takan haura wata guda, ban da kwanakin ƙera kaya, da jiran kwantena ta cika, da fito, da hanyar Kano. A tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu kuma masana'antun Chaina sukan rufe na makonni don bikin sabuwar shekararsu. Ejan da bai gaya maka wannan ba tun farko, ko bai san aikinsa ba ko kafin alƙalaminka kawai yake so.

Ga kuma naira. Kafin tsakiyar watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya biya kashi 30 a lokacin yana jiran ya biya 70 bayan watanni, ya san abin da ya same shi. Yarjejeniyar da ba ta faɗi da wane kuɗi za a biya ciko ba, kuma wa zai ɗauki bambancin canji, rigima ce aka ajiye wa gobe.

Sai kayan gyara. Injin da babu irin sa a Kano, ranar da ƙaramin abu ya karye a cikinsa ya zama tarin ƙarfe. Makanikan Karaye da Rogo sun ƙware a irin injinan da suka saba gani. Kawo musu sabon samfuri ba littafi ba kayan gyara, wahala ce ga kowa.

A ƙarshe akwai batun shaida. Wanda ya yi ƙaramar oda, kayansa a kwantenar haɗaka suke zuwa, takardun duka da sunan mai kwantenar. Shi abin da yake riƙe da shi bai wuce saƙon murya a WhatsApp da shaidar tura kuɗi zuwa asusun wani mutum ba. Da wannan zai je gaban alƙali ya ce an kawo masa injin da ba shi ya yi oda ba.

Su ma suna da hujja

Dilolin Kano za su ce: ai ga amfaninmu nan. Ka zo ka ga kaya da idonka, ka kunna, idan ya ba da matsala ka san ƙofar shagonmu, wani lokacin har bashi muke ba ka. Gaskiya ne. Ribar da dila ke ɗorawa kuɗin haɗarin da ya ɗauke maka ne. Mai neman injin ban ruwa ɗaya ko biyu, shawarata ya tafi Kano ya saya. Odar waje tana da ma'ana ne idan adadin ya yi yawa, ko kuma injin na musamman ne da babu shi a kasuwa.

Masu aikin ejan na ƙwarai su ma za su ce: mutanenmu ne ba sa son biyan la'ada a fili. Ka ce wa mutum kashi 7 za ka karɓa ka nuna masa takardar masana'anta, sai ya gudu wurin wanda ya ce kyauta zai yi masa. Ka nuna masa inji mai kyau da mai araha, sai ya zaɓi mai araha, ya lalace, ya ce an cuce shi. Wannan ma gaskiya ne, kuma laifin namu ne. Araha ba ta ado. Matuƙar muna gudun mai faɗa mana la'adarsa, mu ne muke koya wa 'yan kasuwa ɓoye ta.

Akwai kuma masu cewa a daina odar waje gaba ɗaya a koma wa maƙeran gida. Ina tare da su a rabin hanya. Masu ƙira a Panteka ta Kaduna da na cikin Kano suna yin injinan niƙa da na sussuka da suka dace da hatsinmu, kuma ana gyara su a ko'ina. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da samfurin injina. Amma ko maƙerin gida, injin da ke juya abin da ya ƙera da wasu sassansa daga waje suke zuwa. Ejan na ƙwarai shi ne zai iya ce maka: gangar jikin a yi ta a Kano, abin da ba mu iya ba kawai za a shigo da shi. Wanda ke cin kamasho a kan kowane kilo da aka loda ba zai taɓa ba ka wannan shawarar ba.

Abin da ya kamata mu yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu casa goma daga Karaye da Rogo, ko ƙungiyar manoman rani guda, idan suka haɗa oda a ƙarƙashin ƙungiyar gama-kai mai rajista, abubuwa da yawa za su sauya. Za su kai adadin da masana'anta ke saurare. Kuɗin mai duba kaya, wanda ya yi wa mutum ɗaya nauyi, zai zama kaɗan idan aka raba. Za su iya buɗe takardu da sunan ƙungiya. Za su sayi inji iri ɗaya, su haɗo da kayan gyaran da suka fi saurin lalacewa, makaniki ɗaya ya koyi gyaran duka.

Kafin a tura ko sisi, a rubuta yarjejeniya da Hausa, a sa hannu gaban shaidu, ta ƙunshi waɗannan:

1. La'adar ejan, da alƙawarin cewa ba zai karɓi komai daga masana'anta ba.
2. Sunan masana'anta da hoton lasisinta da ainihin takardar farashin da ta bayar.
3. Kuɗin kaya ya shiga asusun kamfani mai suna iri ɗaya da na lasisin, la'ada kuma a biya ta daban.
4. Siffar kaya a rubuce, da sharaɗin ba za a biya ciko ba sai an gwada an turo rahoto.
5. Ranar lodi, da abin da za a rage idan an saɓa.
6. Wani ɓangare na la'adar ya zauna a hannun mai saye har inji ya iso ya yi aiki.
7. Mai lamuni a gida: mutum sananne mai shago ko gida a Kano, wanda ya yarda a rubuce a kama shi idan ejan ya ɓace.

Wasu za su ce wannan rashin yarda ne, ga shi ɗan uwa ne ko ɗan unguwa. Zumunci da yawa ya mutu a kan odar kaya saboda an ji kunyar rubutu. Mai gaskiya ba ya gudun takarda, domin shi ma tana kare shi ranar da mai saye ya ce ba haka aka yi ba.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, KACCIMA, tana iya buɗe rajistar masu wannan sana'a: wanda ya yi rajistar kamfani da CAC, ya kawo masu lamuni, ya ajiye wani kuɗi na jingina, a sa sunansa a jerin da kowa zai iya dubawa a waya. Wanda aka kama da ha'inci a cire shi a sanar. Wannan shi ne tsarin Sabo, an mayar da shi takarda. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano ta san cewa yanzu ana cutar mutane a kan kayan da ba su ma iso ƙasar ba.

Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15 da takwaransa na Chaina, aka kuma sabunta ta a ƙarshen 2024, don a iya biyan kaya ba sai an bi ta dala ba. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, don kwantena ta iso Kano a yi fitonta a nan. Tambayi mai injin niƙa a Yammedi ko Beli ko ya taɓa jin yadda zai amfana da ɗaya daga cikin biyun. Bankuna da SMEDAN da ofisoshin gona na ƙananan hukumomi su fassara waɗannan hanyoyi da Hausa, su kai su rediyo da ranakun kasuwa.

Ga matasanmu masu difloma a fannin injiniya ko saye da adana kaya, nan akwai sana'a ta gaske. Wanda ya iya karanta siffar inji, ya iya lissafin kuɗin kaya har ƙofar gida, ya koyi ɗan Sinanci, ya kuma tsare amana, ba zai rasa masu nemansa ba. Ilimin da ke shigo da inji shi ne kuma ke fitar da kaya. Riɗi da zoɓo da ake tarawa a Dawanau, da fatun da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa, masu sayensu a ƙetare su ma amintaccen ɗan gari suke nema, kamar yadda aka nemi Ɗantata shekara ɗari da suka wuce.

Har zuwa lokacin da za a samu rajista da doka, kariyar mai saye tana bakinsa. Duk wanda ya ce zai sayo maka kaya daga Chaina ko Indiya ko Turkiyya, ka tambaye shi nawa ne ladansa, wa kuma ke ba shi wani abu ban da kai, kuma wa zai tsaya masa a gida. Idan ya amsa ba tare da ɓacin rai ba ya yarda a rubuta, ka biya shi la'adarsa cikakkiya, kada ka yi masa ƙoro. Idan ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka riƙe kuɗinka ka hau motar Kano.